Takin Gonar Baba

Da ƙarfe goma na safiyar wata Laraba Baba ya sunkuya zai ɗaga mangalar taki, sai ƙashin bayansa ya amsa. A asibiti a Kano aka ce ciwon dajin ɓargo ne. Da yake ni ce mai karatu a gidan, ni likita ya yi wa bayani. Duk wata za a auna ƙwayoyin jininsa. In sun tsaya, da sauran kwana a gaba. In suka yi ta raguwa, to lokaci ya matso.

Baffa, ƙanen Baba, shi ya karɓi aron gonarmu. Duk ranar da muka dawo daga awo, yana zaure yana jira.

"'Yar boko, ya jinin? Ya hau ko ya sauka?"

Ni da ba na iya haɗa ido da manya, sai in durƙusa in zayyana masa dalla-dalla, jajayen ƙwayoyi da farare da masu tsayar da jini. Har na ce wa Inna babu mai ƙaunar Baba kamarsa.

Da bazara jinin ya yi ta sauka. Sai na ga jakunan Baffa suna wuce gonarmu da taki, suna nufar tasa. Na daure na tambaye shi dalili a bakin zaure, Baba na kwance a ciki yana jinmu.

Ko murya bai rage ba.

"Ba ke kika ce jinin na sauka ba? Taki ai har baɗi yake aiki. In zuba, a raba gado kafin kaka, yayyenki su ci gumina?"