Baba Sumana, Mai Awon Ragunan Talaje

Kafin masu waina su hura wuta a unguwar Talaje, an riga an ji gizagon Baba Sumana. Ƙwas, ƙwas, a ƙarƙashin rumfar kwano da ke bakin hanyar kasuwa. Daga masallacin asuba nan yake zarcewa, ya ɗaure bakin wandonsa, ya danne itace da ƙafa. Wata goma sha ɗaya na shekara ƙota yake sassaƙawa, da muciya, da taɓarya. Watan Layya kuwa, aikinsa sandunan gashi ne.

Wanda bai taɓa yin Babbar Sallah a Yamai ba zai ce sanda ai sanda ce. Mu mun san ba haka ba ne. Ragonmu ba a daddatsa shi ranar yanka. Feɗe shi ake yi, a buɗe shi, a ɗaure a kan sanduna biyu da aka gitta, a kafa a kewayen wuta ɗaya a tsakiyar layi, gida biyar ko shida, tun hantsi har magariba. Idan sanda ta gaza, layyar gida guda ce ta faɗa toka.

Shekara talatin da huɗu, sandarsa ba ta taɓa gazawa ba. Dalili kuwa, ba ya sayar da sanda sai ya ga rago. Saura kwana biyar Sallah yakan bi gida gida yana sallama da Hausarsa mai ƙamshin Zabarmanci: "Fofo, masu gida! Ina angon namu?" Ya auna ragon da kamu ɗaya tun daga wuya har gindin wutsiya, ya danna gadon bayansa, ya ɗaga shi ya ji nauyi. Sannan ya ƙetare kogi ya saro ɗanyun rassa, don busasshe wuta ke ci. Ba ya taɓa itacen dogon yaro, ya ce ɗacinsa yana shiga nama. Ba ya kuma sare bishiya daga gindi. Kowane gida da alamar da yake yi wa sandunansa da wuƙa.

Ku tambayi Inna Zalika, wadda tun rasuwar mijinta 'yar akuya take yankawa. Kowace shekara yana auna akuyar nan da natsuwar da yake auna ragon attajiri, ya kai mata sandunanta har ƙofa. "Ko sau ɗaya bai bar ni na ji akuya na yanka ba," in ji ta.

To, ga abin da muka yi masa bana.

Wani babban kanti ya shigo da ƙarafan gashi daga waje, masu ƙyalli, masu naɗewa cikin kwali. Aka ce duk wanda ya biya da katin banki za a yi masa rangwame, har da kyautar wuƙa. Mu masu albashi, mu da muka yi lakwal, wato boko, mu da ke cika waya da rubutun "a sayi na gida", muka yi layi da katunanmu. A layinmu kaɗai gida tara.

Sayen ba shi ne babban laifin ba. Laifin shi ne ranar awo ta zo, Baba Sumana ya yi sallama, aka rasa mutum ɗaya mai bakin gaya masa.

Jibo, ma'aikacin da a gaban tsohon aka haife shi, shi ya fara buɗe masa ƙofa.

"Sannu Baba. Ga shi can a ɗaure."

"A'a! Bana kai da ragon duk kun ajiye tumbi. Albashi ya zauna ke nan?"

Jibo ya yi dariya, ya matsa ya kare kwalin da ke bayan ƙofa da jikinsa. Tsoho ya durƙusa ya auna, ya miƙe da ƙyar, ya sa albarka, ya wuce gida na gaba. Haka aka yi masa sau tara. Muka kira wannan kunya da girmama babba. Tsoro ne kawai, mu daina yi masa ado.

Ya ƙetare kogi da kafaɗar da ta shekara biyu tana ciwo, ya saro, ya feƙe, ya sa alama. Daren Sallah sanduna goma sha takwas suna jingine a rumfarsa, ba wanda ya zo. Ɗanyar sanda kuwa ba ta jiran baɗi.

Ranar Sallah muka kafa ƙarafanmu muna ɗaukar hoto. Wuta ba ta yi awa biyu ba, na Jibo ya fara sunkuyawa kamar mai ruku'u. Ashe ba don irin ragunanmu aka ƙera su ba. Kafin a yi wani abu, rago ya kifa cikin garwashi, kitse ya kama da wuta, mata suna salati daga zaure. Na kusa da shi ma ya lanƙwashe.

Ba wanda ya aika a kira Baba Sumana. Wa ke da idon? Sai ga shi ya karyo kwana yana tura amalanke, da rigar idinsa a jiki.

"Kala suuru, ku yi haƙuri. Jibo, kama ƙafar baya, ba hoto na ce ka ɗauka ba. Sanda mai tsaga uku taka ce."

Ɗaya bayan ɗaya ya kwance raguna tara daga ƙarfe, ya ɗaure kowanne a kan sandar da aka auna dominsa. Rigar idin ta sha kitse da toka. Ba layyar da ta salwanta, sai cinya ɗaya ta ragon Jibo.

Da la'asar Jibo ya tsuguna gabansa, kansa a ƙasa. "Baba, wallahi mun so mu gaya maka."

"Ai na ga kwalin, ɗana. Tun ranar awo na gan shi a bayanka. Na auna rago, na dubi kwali, na san ba zai ɗauka ba."

"To me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Na jira ku fara. Ni baƙo ne a zauren gidanku?"

Bayan Sallah da kwana uku ya ce ya ajiye awo. Kafaɗa ta ƙi, in ji shi. Muciya da ƙota zai ci gaba da yi a zaune. Duk mun san ba kafaɗar kaɗai ba ce.

Baba Sumana, kai ne ka ga ƙaryarmu a bayan ƙofa, ka tafi daji dominmu duk da haka. Kai ne ka rufa mana asiri a tsakiyar layi ba tare da ka ce "da ma na faɗa" ba. Gizago mai gyara karkatacce, mun gode. Allah Ya ba kafaɗar nan lafiya, Ya sa ka yafe mana.

Ku kuma 'yan uwana masu kati a aljihu, Sallah za ta sake zagayowa, kantin zai sake yin rangwame. Habsatu mai dakan yaji tana nan a gefen rumfarsa, ita ma bana rabin kwanonta ya kwana. Telan unguwa yana nan, mai wasa wuƙa yana nan. Ku saya a wurinsu, ku yi aikinku yadda tsohon nan ya yi nasa. In kuwa kun ga ba za ku saya ba, ku dubi idon mutum ku gaya masa, tun kafin ya durƙusa ya auna muku rago.