Tsatsa Mai Sheƙi Zuwa Arlit

Damagaram

Ana idar da sallar asuba na shiga kar, wato bas ɗin Agadas, matata Hadiza tana biye da ni da gargaɗi har bakin tasha. Sana'ata hoto, amma ba na biki ba. Ni tsatsar ƙyaure nake ɗauka, da tsagewar busasshen tabki, da fentin da ya ɓare, in matsa kusa har ba ka gane mene ne. Shi ya sa danginta ke kirana mai hoton tsatsa, suna yi mata jajen aure. Yanzu ga kawunta Alhaji Mamman ya gina masauki a Arlit don fataken zinariya na Cibarakaten, yana son ado a bango. Sharaɗinsa ɗaya: kada a ga mai rai ciki, ko ƙuda, don mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da shi. Hadiza ta ce ai mijinta bai taɓa ɗaukar mai rai ba, ta tsaya mini. In na kunyata ta, na shiga uku.

A shingen Tanut wani jandarma ya buɗe wayata yana duba hotunan, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, sannan ya ba ni shawara in kai ta gyara.

Agadas

Mun sauka bayan la'asar, na ci shinkafa da wake mai jika ɗaya wadda wakenta ke wasan ɓuya. Da safe na tafi wurin Gumar, Buzun da ke buga manyan hotuna. Ya shimfiɗa mini takarda iri biyu: mai sheƙi, wadda suke cewa biriyan, da marar sheƙi, mat. Ya ce hotunana duhu gare su, kuma ranar Arlit ba ta da kunya, in ɗauki mat. Na dubi mat ɗin, sai na ga kamar tuwon jiya. Na ce masa Bahaushe ko kwano zai saya sai ya ga yana ƙyalli, balle attajiri. Gumar bai yi gardama ba, ya gyara rawaninsa ya zuba mini shayi, ya buga duka da sheƙi. Wallahi sun yi kyau, har na ji tausayin masu zagina.

Hanyar Arlit

Wannan hanya sunan kwalta kawai ta gada. Direbanmu ya fi tafiya a gefenta, ya ce rairayi ya fi ta amana. Na rungume hotuna a cinya kamar mai jego, wani ɗan Tawa kusa da ni ya tambaya ko madubai ne. Na yi masa dariya. Mun wuce mararrabar Imuraren da azahar, ba kowa sai iska, muka shiga Arlit ƙashin bayana na neman saki.

Arlit

Ɗan kabu-kabu ya kai ni masaukin. Washegari da hantsi na rataye hotuna a zaure, ƙofa buɗe, rana ta shigo da ƙarfinta. Sai ga Kawu da babbar riga da muƙarrabansa, ya bar tabarau a mota. Ya tsaya gaban mafi duhunsu, tsatsar wata tsohuwar tankar ruwa, ya ƙanƙance ido.

"Kai, ba na ce ban da mai rai ba? Ga mutum nan a ciki."

Na leƙa ta kafaɗarsa. Mutum kam akwai shi, da hula da tumbi, yana ƙanƙance ido. Sheƙin takarda ya mai da hoton madubi. Muƙarrabai kowa ya sami abin kallo a rufi.

"Kuma mummuna," in ji Kawu. "Dubi kumatu. Ko ƙarya na yi?"

Na auna. In ce masa shi ne, na rasa aiki da dangi a rana ɗaya. In ce ba kowa, na ƙaryata babba a gaban mutanensa.

"Gaskiyarka, Kawu," na ce. "Mummuna ne ƙwarai. A ba ni kwana uku in fitar da shi."

Na sake bin wannan la'ananniyar hanya zuwa Agadas. Gumar shayi kawai ya zuba mini, abin da ya fi zagi ciwo. Ya buga mat, na koma Arlit. Kawu ya zo da tabarau wannan karon, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman mutumin har bayan katakon hotunan, bai same shi ba. Ya ce a rataye duka, a ƙaro na ɗakunan sama.

Gida

Na iso Damagaram ana kiran magariba, lafiya lau, godiya ga Allah, ga Gumar, ga ɗan Tawa da na yi wa dariya. Na tarar Hadiza na rawar kai: Kawu ya kira ta, ya kira uwarta, ya ce mijin nan mutum ne mai gaskiya, aka nuna masa laifinsa bai yi musu ba. Ta tambaye ni me na ce masa haka. Na ce ta zubo tuwo tukuna. Shekarun aurenmu duka ina neman yabo ɗaya daga gidansu, ban same shi ba sai ranar da na dubi kawunta na ce masa mummuna.