Ruwan Dutsen Kailani

Duk wanda ya bi ta bayan kasuwar Tudun Wada da hantsi zai ji wani kuka siriri, ƙiii, daga wata ƙofar zana. Dutsen washin Baba Kailani ke nan. Dutse ne kewayayye kamar faifai, a kan ƙafafun katako. Yana taka wani ƙarfe da ƙafa, dutsen na juyawa, shi kuwa yana ɗora bakin gizago a kai. Da ya idar da sallar asuba yake share wurin, ya ɗiga wa ƙarfen man gyaɗa, ya zauna jiran masassaƙa.

Leburancin hanyar jirgi ne ya kawo shi Zazzau, shi da matarsa Hajo, ba ɗa ba dangi. Da aikin ya ƙare, wani kafintan Nasara ya bar masa dutsen. Maƙeran birni suka ce ba nasu ba ne, tunda bai gaji ƙira ba. Masassaƙa kuwa sai su zube masa gizago da gatari da safe, su dawo da la'asar su kwashe. To amma turmin gidanku, da akushin tuwonku, da allon da kuka yi karatu, kaifin wa ya fitar da su? Wa ya taɓa ce masa madalla?

Aikin nan na mutum biyu ne. In dutsen ya bushe, ƙarfe ya ɗau zafi, bakinsa ya yi shuɗi, shi ke nan ya ƙone, ba ya ƙara riƙe kaifi. Saboda haka Hajo ke zama daga jikin zana da buta, tana tsiyaya ruwa, tana tsokanarsa: “Malam, taka a hankali, ba Kano za ka ba!”

Da damina Hajo ta rasu. Masu gaisuwa ba su cika tabarma ba. Bayan makoki, Ɗantsoho masassaƙi ya kawo gizagon da ya gada daga ubansa, wanda ko ƙaninsa ba ya ba aro. Kailani ya ɗora, ya taka. Bai ko ɗago kai ba ya ce, “Hajo, zuba mana.” Sai ƙaurin ƙarfe ya amsa masa. Wayyo, bakin gizago ya yi shuɗi!

Da wani ne, da ya goge shuɗin da yashi ya miƙa, sai an shiga daji a gane. Kailani ya jira mai abu, ya nuna masa. “Ɗantsoho, na ƙona maka gadon ubanka. In ka yarda, bar mini shi.” Ɗantsoho ya tafi ko sallama babu. Tsohon ya koma dutsen hannu, kwana da kwanaki yana goge ƙonannen wurin har ya tarar da lafiyayyen ƙarfe. Sannan ya huda gora, ya cika shi da ruwa, ya rataye shi bisa dutsen yana ɗiga.

Ranar da Ɗantsoho ya dawo, ya gwada gizagon a guntun ƙirya, ya shige salin alin. Ya dubi goran.

“Baba, wannan fa?”

“Mai zuba mini ruwa ne. Ba ya kuskure, sai dai ba ya magana.”

Ɗantsoho ya miƙa hannu, ya sauke goran, ya ɗauki buta, ya zauna inda Hajo ke zama. Maƙwabta sun ce ran nan ne suka sake jin dariyar tsohon.

Baba Kailani, na Hajo, mai ta da kaifi! Kai ne ka nuna aibin aikinka da bakinka alhali ba wanda ya gani. Kai ne ka wasa wa gari kayan aiki, garin bai san ɗakin da kake kwana ba. Yanzu gwiwa ta fara ƙi, ka ce daga ranin nan ka sauka. Mun gode, Allah ya saka maka, ya jiƙan Hajo.

Ku kuma masassaƙa, ku ɗauki gaskiyarsa. Kuma don Allah, kafin dutsen nan ya yi shiru, in kun kawo gizago kada ku zube ku juya. Ku zauna ku zuba masa ruwa. Butar Hajo tana nan a jikin zana.