Turmin Gwaggo da Static Ɗina

"Kai, zauna mana, ka sa ni jiri!" in ji Gwaggo Hajo, ƙanwar babana, tana daka gero.

Ƙarshen shekarun 1990 ne, na zo hutu Madarunfa daga lakwal, wato makarantarmu, a Yamai. Aikin da zan miƙa in na koma ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kuma in ban gyara ba, sai na maimaita aji. Shafin intanet ne na rajistar manoma, na rubuta kod ɗinshi da yaren Java. In na shigar da mutum goma, duk sai su fito da sunan na ƙarshe. Ga shi babu ordinata, wato kwamfuta, kusa sai Maraɗi. Takardun kod ɗin na riƙe ina ta zagaya tsakar gida.

Na yi mata bayani don dai ta bar ni.

Ta jingine taɓarya. "To ina kake aje sunayen?"

"Wuri guda."

"Turmin nan na gidan ga duka ne, amma kowace da ƙwaryarta. Wadda ta bar geronta ciki, mai zuwa bisa nata za ta zuba."

Na duba takarda. Ashe kalmar static, mai maida abu guda ɗaya na tarayya, na sa wa gurbin suna, ya zama na kowa. Aikin da ake tarayya a kai, kamar turmi, shi ya kamata ya zauna static, sunan kuwa kowa da nashi, kamar ƙwarya.

Na soke kalmar da biron bik, na ruga tashar motar Maraɗi ko furar da take yi ban jira ba. Can na gwada, kowa ya fito da sunanshi.

Gwaggo ta rasu ba ta taɓa ganin ordinata ba. Ku fa, wa ya taɓa gyara muku kod bai san ya yi ba?