Kalashin Utaibiyya

A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife ni, ban taɓa taka Najeriya ba. Hausar ma a bakin Ummata na tsince ta, shi ya sa rabinta Larabci ne. Makaranta kuwa mun rabu lafiya tun da wuri, ba wanda ya yi kukan wani. Abin da na iya shi ne baki. Da an sauko daga Arfa, alhazai sun shiga jiran jirgi, sai in shimfiɗa tabarma kusa da masaukin 'yan Najeriya in baza kayan wasan yara: motoci, wayar roba, da 'yan ƙananan bindigogin Caina masu wuta da ƙara. Ido ɗaya kan ciniki, ɗaya kan motar baladiyya da ke kwashe kayan masu talla. Gefena wani abokina ne ɗan Cadi mai sayar da silifas. Aikinsa na biyu shi ne yi min dariya.

A wannan shekarar wani tsoho ya zo ya tsuguna gabana. Siriri, gemu fari, aski sabo. Daga maganarsa na gane Bazamfare ne. Ya juya ƙaramar bindiga a hannu, ya ajiye.

"Wagga ta yara ce. Ɗana, ta manya hwa?"

Na taɓa ƙafar ɗan Cadi. "Baba, ta manya wace iri? Mai tsayi ko mai ƙiba?"

Bai yi dariya ba. Ya matso, ya rage murya, ya shiga ba ni labari. Ɓarayin shanu sun hana garinsu barci. Mutanen gari ba su da komai sai bindigar toka, wadda maƙerinsu ke yi da bututun sitiyarin mota. Ka ɗura albarushi, ka danna da sanda, ka harba sau ɗaya, shi ke nan sai ka nemi hanya. In damina ta yi ma, wani lokaci sai ta ƙi tashi.

"Ita ƙirar gida arha gare ta, ko akuya ka sai da ka samu. Su kuwa ta waje sunka riƙa, mai magana ba numfashi. Munka tambaya, anka ce sai ka kai shanu kasuwa kahin ka taɓa guda. To shanun ai su ne babu."

Ashe wani yaro a garinsu ya nuna musu bidiyo a waya, Larabawa na harbi sama a wajen biki. Sai dattawan gari suka ce ƙasar da ake ɓarnar harsashi don murna, ai bindiga can kamar dabino take. Suka yi karo-karo suka damƙa masa, tunda shi Allah ya kira bana.

Wallahi duk na ji wannan da kunnena. Amma ɗan Cadi ya riga ya toshe baki da silifas, kafaɗarsa na rawa, ni kuma in na ga haka ba na iya tsayawa.

"Baba, ai ka zo gidanta. A kasuwar Utaibiyya jumla ake sayarwa. Kalashi irin na ɓarayin nan, sabo fil a leda. Kuɗin tunkiya ma ya yi yawa."

"A Makka? Ba a hana ba?"

"Hanin na baƙi ne. Kai da ɗan gari za ka je."

Ya kama hannuna da hannu biyu ya yi ta sa min albarka, har da Ummata da bai sani ba. Muka yi da shi gobe bayan la'asar.

Na ɗauka kafin goben wani zai wayar masa da kai. Ina zuwa na tarar da shi tsaye bakin masauki, ya sa farar riga, jakar guzurinsa a rataye a ƙirji ya dafe ta. Ɗan Cadi ya ce shi ba zai bar kayansa ba, in dawo in ba shi labari. Sai na ga wasan ya rage daga ni sai tsoho, ba mai dariya. A cikin tasi na buɗe baki zan faɗa masa, shi kuma ya shiga tambayata ko a kwance ake shigar da ita jirgi, ko buhun zamzam zai ɓoye ta. Na ce, "Baba, mu dai isa."

Shagon da nake sarin kaya dogo ne kamar lungu, na wani Bayamane. Can ƙarshe aka jera manyan bindigogin wasan, baƙaƙe, da gindi ruwan katako, da maɗauri. Daga ƙofa Baba ya hango su ya tsaya cak. Ya ce, "Allahu akbar." Ya tafi a hankali kamar mai shiga sahu. Ya sa hannu biyu ya ɗaga guda da ƙarfinsa duka, sai ta tashi sama fiu, ba nauyi. Yatsansa ya taɓa kunamar, ta kama walƙiya ja da kore tana kiɗa.

Bayamanen ya ce, "Ya Hajj, batir kyauta ne."

Na jira mari. Da ya mare ni da na ji daɗi. Ya dai tsaya yana kallon abin har kiɗan ya ƙare. Sannan ya rufe jan bakin bindigar da tafin hannu, ya karkata kai yana nazari. Ya rataya ta a kafaɗa, ya gyara tsayuwa.

"Koma bakin ƙofa, ɗana. Dube ni da kyau. Daga nesa ana ganewa?"

Na koma. Gaskiyar Allah ba a ganewa. Tsoho ne da kalashi a kafaɗa, ko ɗan sanda ya leƙo sai ya ja da baya. Nan na gane lissafin da yake yi: ya cika jaka da su, a shafa wa bakin baƙin fenti, samarin gari su riƙa yawo da su a bayan gari. Na kuma tuna shi da kansa ya ce min jiya, wanda ɓarayi suka gani da ta waje shi suke fara nema, don su ɗauke ta.

Na ce, "Ana ganewa, Baba."

Ya ja baya har ya jingina da bango. "Yanzu hwa?"

"Ko makaho ya san roba ce."

"In da magariba ne? Ko cikin dawa?"

"Ƙyalli take yi. Yaro ma ba zai ruɗu ba."

Ya cire ta, ya goge inda hannunsa ya taɓa da bakin riga, ya mayar inda take. Ya ba Bayamanen haƙuri da Hausa.

A waje muka zauna kan dakalin wani shagon yadi. Na fara, "Baba, ka yafe min, ni wasa..." Ya ɗaga hannu.

"Bari wannan. Yaro ka ke. Abin da ya dame ni, jiya da munka rabu na kira gida. Na ce masu an samu."

Ya ciro 'yar ƙaramar waya ɗaure da kyauro, ya miƙo min.

"Ni in na ce babu, za su ce tsoro na ji, ko na ci kuɗin. Kai ɗan Makka ne. Kai za su yarda da kai."

Na so ƙasa ta buɗe. Ya danna da kansa, ya sa min a kunne. Aka ɗauka tun ƙara ta farko. Ina jin hayaniya, wani na cewa a yi shiru, Alhaji ne. Ina jin zakara, ina jin mutane na matsowa. Wata murya mai kauri ta yi sallama, ta ce ni ne yaron kirkin da Alhaji ya ba su labari? Allah shi yi albarka. Guda nawa anka samu?

Na ce ranka ya daɗe, babu. A Makka ba a sayar da bindiga, mai arha ko mai tsada. Alhaji bai yi ƙarya ba, ni na ce masa akwai. Kuɗinku na nan a jakarsa.

Sai na ji mai muryar ya juya yana gaya wa na bayansa, "Ya ce babu." Wani daga nesa ya ce, "To a aika wa maƙeri kada ya sai da bututun nan." Aka kashe.

Baba ya karɓi wayarsa ya mayar aljihu. Ya tambaye ni ta ina ake samun motar Harami, yana so ya riski magariba a can. Na tare masa tasi. Ya ce ba sai na raka shi ba.