Ranar da Muka Aro Wata Shatu

Shekara shida muka yi muna koyarwa tare da Malama Rhoda a firamaren wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa, kuma har yau in na tuna abin da muka yi mata sai raina ya ɓaci. Na ce "muka" don da ni a ciki. Sunana Musaddiƙ, ni ke riƙe da aji huɗu a lokacin.

Malama Rhoda 'yar kudancin Kaduna ce. Aure ya kawo ta Kazaure tun ina rarrafe. Mijinta Abel kafinta ne, a unguwarsu kuwa Maman Sunday ake ce mata. Hausarta ta fi tawa, in ta ga dama ta yi maka habaici sai ka isa gida ka gane da kai take. Gajera ce, mai saurin tafiya, ba ta da doguwar gaisuwa, shi ya sa waɗanda ba su san ta ba suke cewa girman kai gare ta. Kullum sai ta shiga motar haya daga Kazaure, ta sauka a mararraba, ta hau acaɓa, amma ban taɓa ganin an buga ƙararrawa ba ta iso ba. Mu da muke kwana a ƙauyen mu ne 'yan makara.

Ɗanta Sunday ne ya mai da ita abin da ta zama. Yaro ne da zai kwance rediyo ya ɗaure ta ta kama, amma ya kai aji biyar bai iya karanta layi ɗaya ba. A ce ɗan malama daƙiƙi? Ita da bakinta ta gaya mini shekara biyu ta yi tana dukansa, safe da yamma, har ya zama in ya ga ta ɗauko littafi sai jikinsa ya hau rawa. Sai a wata bita a Kano aka yi musu bayanin cewa akwai yaran da hankalinsu garau, idonsu garau, amma haɗa harafi da sautinsa yake yi musu wuya, kuma duka ba ya ƙara musu komai sai tsoro. Disleksiya aka ce sunan abin. Ta ce a cikin taron ta rufe fuska da bakin zani ta yi kuka, don a lokacin Sunday ya riga ya bar makaranta. Yanzu yana aikin wutar lantarki a Kano, yana da rufin asirinsa, amma ita ba ta yafe wa kanta ba.

To ga yadda muke koyar da karatu a wurinmu. Malami ya rubuta a allo, ya karanta da ƙarfi, yara saba'in su amsa da ƙarfi har kwano ya ɗauka. Mai wucewa ya ji ya ce kai, makarantar nan ana aiki. Yaro mai kaifin kunne sai ya haddace littafin kaf, ko a juye ya riƙe shi zai zuba maka. Haka zai yi ta hayewa daga aji zuwa aji, sai ran da aka nuna masa kalma guda ita kaɗai, sannan asiri ya tonu. Daga nan sai bencin baya, da sunan da muke kiransu da shi ba kunya ba tsoron Allah: 'yan rakiya.

Waɗannan 'yan rakiyar Malama Rhoda ta bi ta tsinto. A ajina kaɗai ta sami tara. In an tashi tara, wato hutun safe, sauran malamai mun nufi wajen mai ƙosai, sai ta tattara su gindin darbejiya. Kowane yaro da faifansa cike da rairayin rafi, ga haruffan yumɓu da ta gina ta gasa a murhunta. Yaro zai shafa harafi da yatsa, ya zana shi a rairayi, ya faɗi sautinsa, ya tafa gaɓar kalma da hannu. Ba ta wuce harafi uku a mako, ko da wa ya yi gaggawa. Tana da wani tsohon littafi, kowane yaro da shafinsa, tana rubuta abin da ya kama, da abin da ya suɓuce masa, da inda za a tashi gobe. A cikin motar haya take wannan rubutun, an matse ta tsakanin buhuna. Na taɓa yi mata tsiya na ce ko ta fara bugun ƙasa ne. Ta ce eh, kuma ta duba ta ga ba zan yi arziki ba.

Cikin taran nan akwai Shatu, 'yar Fulanin da rugarsu ke bayan duwatsu. Shekararta goma sha ɗaya. Shanun babanta sun haura talatin, ta san kowace da sunanta da na uwarta, ta san wadda za ta yi ciwo tun kafin ta daina cin ciyawa. Amma a aji in aka ce ta tashi ta karanta sai ta sunkuyar da kai har a gaji a ce ta zauna. Babanta, Malam Muhammadu Lawal, mutum ne mai kunya da ƙarancin magana. Shi kaɗai ne a cikin 'yan'uwansa ya sa 'ya mace a boko, kuma shekara huɗu yana shan gori a kan haka. A farkon daminar shekarar ya zo ya ce ya gaji, a gida ma ana bukatar hannu, zai cire yarinyar. Malama Rhoda ta roƙe shi ya ba ta zuwa kaka. Ta ce in bai ji 'yarsa ta yi karatu da kunnensa ba, ita da kanta za ta raka ta gida. Ya ce ya ji.

Wata biyar Shatu ta yi a gindin darbejiyar nan. Ta fara karanta gajerun jimloli, a hankali, yatsa a ƙarƙashin kalma, tana tsayawa tana komawa baya. Ba ta da sauri, amma karatu ne na gaske, ba hadda ba. Malama ta rubuta mata rabin shafi a kan tatsar nono, ta ce shi za ta karanta wa babanta.

Hedimastanmu kuwa tun farko abin bai kwanta masa ba. Yau ya ce iyaye suna ƙorafin ana sa yaransu wasa da ƙasa, gobe ya ce darasin ba ya cikin jadawali. Ba kome ke damunsa ba illa kada a ji cewa a makarantarsa akwai 'yan aji huɗu da ba su iya karatu ba. Sai ka ce mu kaɗai ne a ƙasar. Da ya matsa, Malama Rhoda ta rubuta wa ofishin ilimi takarda har sau uku, da sunayen yaran tara, tana neman a sa darasin nan na rabin awa a jadawali. A ta ukun aka amsa cewa za a turo mai duba makarantu ranar Talata, a ga ko da gaske akwai irin waɗannan yara. Ranar har rangwaɗa ta yi a tsakar makaranta. Ta aika wa Malam Muhammadu cewa ya zo ranar Talata, zai ji 'yarsa ta yi karatu a gaban manya.

Sai dai mu muna da wata al'ada in za a yi baƙi, wato aro. Mukan aro benci daga makarantar Islamiyya, mu aro agogon bango daga gidan dagaci, mu aro tabarmi. Har yara muke aro. A kwashe na bencin baya a ɓoye su, a ɗebo masu ƙoƙari daga aji shida a zaunar a gurbinsu, su amsa sunan da ba nasu ba. Mun daɗe muna yi, ba wanda ya ɗauke shi ƙarya, rufin asiri muke ce masa. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mu kuwa ranar muka fi ɓoye shi.

Talata da sassafe hedimasta ya ce wa Malama Rhoda baƙi ba za su iso ba sai bayan azahar, ta je gidansa ta tsaya a kan girkinsu, tunda ita ce ta iya abincin 'yan birni. Ƙarya yake yi, ƙarfe goma aka ce masa. Tana juya baya ya sa maigadi ya kora yaran nan tara zuwa gonar makaranta, wai su roro wake. Ya shigo ajina da tara daga aji shida a bayansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai su aka zo gani."

Ya ce, "Su aka zo gani, ko ni aka zo tozartawa? Ajin waye aka ce yara tara ba su iya karatu ba? Nawa ne ko naka?"

Takardar tabbatar da ni a aiki tana kan teburinsa a lokacin, tana jiran sa hannu. Ba na faɗin wannan don in wanke kaina. Na nuna wa kowane ɗan aro wurin zamansa, na gaya masa sunan da zai amsa.

Ƙarfe goma da 'yan mintoci mota ta tsaya. Wata Hajiya ce mai tabarau, mai fara'a, kuma wallahi da niyyar alheri ta zo. Ta tambayi ina Malama Rhoda, hedimasta ya ce tana nan tafe. Ta fito da takardar da Malama ta rubuta, ta miƙo mini, ta ce in kira yaran ɗaya bayan ɗaya ta ji karatunsu. Na kira na farko, ɗan aro ya tashi ya zuba kamar ruwa. Na kira na biyu, haka. Ina kan na huɗu na ɗaga kai na ga mutum a bakin taga, da malfa, da sanda a kafaɗa, ya sha wankakkiyar riga. Malam Muhammadu ne. Tun daga ruga ya tako a ƙasa, kunya ta hana shi shigowa.

Suna na biyar shi ne nata. Na gan shi a takarda, na ga mutumin a taga. Da na ce yau ba ta zo ba, da ya fi sauƙi. Amma bakina ya riga ya saba. Na ce, "Shatu Muhammadu."

Bahijja ta aji shida ta miƙe, 'yar mai shagon magani, da farin hijabinta a goge. Ta karanta shafi guda ba ko tuntuɓe. Hajiya ta ce masha Allah, ta yi rubutu. Malam Muhammadu ya dubi yarinyar, ya bi bencinan da ido yana neman tasa, sannan ya dube ni. Ya gyara sandarsa ya juya.

Da Malama Rhoda ta iso da kwanukan abinci a ka, mota ta daɗe da tashi. Yaran ne suka gaya mata, sun dawo daga gona da ƙaiƙayi a jiki, Shatu tana riƙe da rabin shafinta da ta ninke ta ɓoye a ƙugu tun safe, tana tambaya ko baƙin sun zo. Malama ta ajiye kwanukan a ƙofar ofis. Abin da ta gaya wa hedimasta ranar ba zan rubuta shi ba, amma ba ta ƙara masa ko kalma ɗaya da bai cancanta ba. Shi kuma sai cewa yake yi ai mutuncin makaranta ya kare, har da nata.

Washegari Shatu ba ta zo ba, haka jibi. Bayan mako biyu takarda ta iso daga ofis. An yaba wa makarantarmu, an ce an gwada duk yaran da aka ambata an same su suna karatu daidai, saboda haka babu bukatar wani darasi na musamman, a bar yara su huta in an tashi tara. Hedimasta ya sa aka manna ta a ƙofar ofis, yana nuna wa duk wanda ya shigo. Ban taɓa ganin wauta irin wannan ba, mutum ya toshe rijiyar gidansa da hannunsa kuma yana neman a yi masa barka.

Asabar ɗin makon Malama Rhoda ta taso tun daga Kazaure, ta ce in kai ta ruga a babur ɗina. Muka sami Malam Muhammadu yana ɗaure maruƙa. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo nono, ya gaishe mu kamar ba abin da ya faru. Shatu ta tafi kiwo tun safe. Malama ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ba ta ɓoye komai ba, ta ce ita ma yaudararta aka yi. Ta roƙe shi ya aika a kira yarinyar, ta karanta masa a nan inda yake, ko layi uku ne, in bai gamsu ba shi ke nan.

Shatu 'yar farinsa ce, kuma irin kunyarsu, ban taɓa jin ya kama sunanta ba sai ranar.

Ya ce, "Malama, na san kin yi ƙoƙari, Allah ya saka miki. Shekara huɗu 'yan'uwana suna ce mini ba a son irinmu a can, ina musu. Na je na gani da idona. Tunda kuna da wata Shatun da ba ta ba ku kunya, ku riƙe ta. Ni ku bar mini tawa."

Ba yadda ba ta yi ba. Ya raka mu har bakin hanya, ya yi mana addu'ar sauka lafiya.

Na tuƙa babur har mararraba. Da ta sauka, sai na fara zagin hedimasta, na ce Allah ya isa tsakaninmu da shi, shi ya jawo duk wannan. Ta bar ni har na gama, tana gyara jakarta. Motar Kazaure ta tsaya, ta sa ƙafa ɗaya a ciki, sannan ta waiwayo.

Ta ce, "Malam Musaddiƙ, hedimasta ko a hanya ya gamu da Shatu ba zai gane ta ba. Kai ka san fuskarta, kuma kai ka kira sunan."