Yatsana ne, ba zoɓonta ba

Shekaru huɗu da suka wuce, in ana biki a unguwarmu ta Ƙofar Taramniya a Sakkwato, ni ake kira girki. Dambun kazata ya yi suna har unguwar Minanata, kuma ba zan ɓoye ba, yabon ya sa ni girman kai. Ina da maƙwabciya, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Duk inda aka ɗauke ni aiki, ita nake ba zoɓo da kunun aya, da su take riƙe gidanta.

Ana saura kwana uku wata walimar aure, wuƙa ta yanke ni a babban yatsa, wurin ya kumbura ya tara mugunya. Ranar walimar na ɗaure shi da tsumma, na dafa kaji da asuba, na zauna ina yagar naman da hannu. Da tsumman ya jiƙe ya dame ni, sai na kwance na yar. Maƙwabciyata ta ga yatsan, ta ce in kawo ta yi mini. Na ce ta ji da zoɓonta, ai soyawa zan yi, wuta ba ta barin komai. Na rufe naman a robobi tun hantsi, cikin zafin nan na Sakkwato, ban soya ba sai bayan azahar.

An ci abinci da la'asar. Kafin a kira isha'i gidan biki ya rikice da amai da murɗawar ciki, manya da yara. Kakar amarya, tsohuwa mai rauni, aka kai asibiti ana ƙara mata ruwa. Bayan kwana biyu Allah ya karɓi ranta.

Nan take mutane suka yanke cewa zoɓo ne, wai an haɗa shi da ruwa marar kyau, dambu kuwa da zafinsa aka ci. Mata suka cika zauren maƙwabciyata suna zaginta, ina tsaye a wurin. Ta dube ni ido cike da hawaye ta ce, "Yaya, ke kin san ba ni ta ba." Na sunkuyar da kai, ban ce uffan ba. Tsoron sunana nake ji.

Ma'aikatan lafiya sun kwashi ragowar abincin sun kai ɗakin gwaji. Bayan 'yan kwanaki wata jami'a ta kira ni, ta ce zoɓon lafiyarsa lau, a dambuna aka sami dafin. Ta bayyana mini cewa akwai ƙwayar cuta da ke zama a fata da hanci da cikin miki, in ta sami nama a wuri mai ɗumi sai ta hayayyafa ta zuba dafi. Suya tana kashe ƙwayar, amma dafin yana nan daram, ba wari, ba canjin ɗanɗano. Sannan ta ce in nuna mata hannuna. Ta goga auduga a mikin, gwaji ya fito da irin ƙwayar nan.

Gaskiya ta fito, amma a makare. Har yau akwai gidajen da ba sa sayen zoɓon baiwar Allah nan. Na je neman gafara, ta amsa sallamata, ta ce ta bar ni da Allah, ta shige ɗaki. Daga baya ta tashi daga unguwar. Ni kuma ban sake ɗora tukunyar biki ba.

'Yan'uwana masu girki, in kuna da ciwo a hannu, ku bar wani ya taɓa abincin. Kada ku ajiye dafaffen nama cikin zafi kuna cewa za ku ɗumama. In kuma aka ɗora wa wani laifinku, ku buɗe baki tun a wurin. Yankan wuƙa tsautsayi ne, amma shirun da na yi a zauren nan ni na zaɓe shi, kuma shi ne ya ƙi warkewa.